Baligi Mai Otizim da Maganin Ƙwaƙwalwa a Talbijin: Tarken Jigo da Harshe

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1988, lokacin da fim ɗin Rain Man ya fito a Amurka, masu shirya wasannin kwaikwayo suka gane cewa mutum mai otizim tauraro ne da ke jan 'yan kallo. Daga baya talbijin ya karɓi wannan tauraro daga hannun sinima, ya mayar da shi likita, ya mayar da shi lauya, ya kuma mayar da shi ɗan sanda mai binciken kisan kai. A ɗaya ɓangaren, shirye-shiryen labarai na talbijin sun daɗe suna yi wa iyaye albishir da magungunan da aka ce za su gyara ƙwaƙwalwar mai otizim. Wannan maƙala za ta dubi hotunan nan biyu a tare, domin a ganina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Talbijin sana'ar ido ce, kuma mai wannan sana'a ba ya iya sayar da abin da ba a gani. Don haka sai ya ɗauki al'amarin da mafi yawansa a tsakanin mutane yake faruwa, wato magana da fahimtar juna da zaman tare, ya cusa shi cikin ƙoƙon kan mutum guda, inda kyamara za ta iya nuna shi, ko dai a matsayin baiwa ko kuwa a matsayin wata wayar lantarki da ta tsinke. Tun da harshe ne babbar alamar da marubuta ke bai wa wannan tauraro, masu nazarin harshe suna da ta cewa a nan.

2.0 Kalmar da Abin da Take Nufi

Asalin kalmar otizim daga Girkanci yake, daga tushen da ke nufin mutum shi kansa, shi kaɗai. Likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler ya yi amfani da ita a 1911 wajen bayyana wata alama ta taɓin hankali. Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ne ya are ta a 1943, ya laƙaba wa yanayin wasu yara 11 da ya lura sun sha bamban da sauran yara wajen hulɗa da magana, kuma ba sa son a canza musu abin da suka saba. A 1944 Hans Asperger ya bayyana wasu yara makamantansu a birnin Biyana, waɗanda su bakinsu a buɗe yake. Lorna Wing ta Ingila ce ta fito da aikin Asperger fili a 1981, ta kuma ƙarfafa ra'ayin cewa yanayin faɗi gare shi, kamar launukan bakan gizo da ke shiga juna. A 2013 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar, ya haɗe sunayen duka a ƙarƙashin suna ɗaya.

A kafofin watsa labarai na Hausa akan ji kalmar galahanga a wannan muhalli. Na kauce mata, domin a bakin jama'a tana tattare yanayi daban-daban, har da naƙasar jiki ko ta fahimta wadda ba ruwanta da otizim, kuma ba ta rasa ƙanshin raini. Aron kalma ya fi a dinga jifan mutane da sunan da ba nasu ba.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, sannan 1 cikin 31 a rahoton da ta fitar a 2025 kan yara masu shekara 8. Mafi yawan masana suna danganta babban kaso na wannan ƙaruwa da faɗaɗa ma'anar kalmar da kuma yawaitar bincike. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yaran nan girma suke yi. Otizim ba ya ƙarewa da ƙuruciya, kuma shekarun da mutum zai yi yana baligi sun ninka na yarinta.

3.0 Tauraro Mai Baiwa

Wanda ya kalli Rain Man ba zai manta da wurin da tsinken sakace ya zube a ƙasa ba, Raymond, wanda Dustin Hoffman ya fito a matsayinsa, ya dube su sau ɗaya ya ƙirga 246. Abin mamaki shi ne Kim Peek, mutumin da ya zaburar da marubucin labarin, likitoci sun karkata daga baya ga cewa ba otizim gare shi ba. An haife shi ne babu igiyar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu. Duk da haka wannan hoto ne ya zauna, kuma a kansa talbijin ya ɗora gini.

Mafi shahara a cikin magadan Raymond shi ne Shaun Murphy na wasan The Good Doctor, wanda tashar ABC ta nuna daga 2017 zuwa 2024, zango bakwai, bayan an aro labarin daga wani wasan Koriya ta Kudu na 2013. Kashin farko kaɗai ya isa misali. Shaun matashin likitan fiɗa ne da ke kan hanyarsa ta zuwa sabon wurin aiki. A filin jirgin sama gilashi ya faɗo wa wani yaro, Shaun ya harhaɗa kwalba da roba ya ceci ransa, a daidai lokacin da shugabannin asibiti ke gardama kan ko ya dace a ɗauki mai otizim aiki. Yayin da yake tunani, sai zanen jijiyoyi da sunayen gaɓoɓi su bayyana a allon talbijin, suna shawagi a gaban fuskarsa. A wasan Extraordinary Attorney Woo na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2022 cikin kashi 16, dabarar ita ce dai: idan lauya Woo Young-woo ta gano bakin zaren shari'a, sai iska ta kaɗa gashinta, kifin wel, dabbar tekun nan da ta fi kowace dabba girma, ya yi tsalle daga ruwa. A wasannin biyu an buɗe wa ɗan kallo ƙoƙon kan tauraro an ce ya leƙa.

Zubin labarin yana da sharaɗi da ba a faɗa da baki. Jama'ar cikin wasa suna ƙyamar tauraro a farko, sannan ya yi abin da ya gagari kowa, sannan a karɓe shi. Ke nan da baiwa yake biyan kuɗin zama cikin mutane. Ba don Shaun ya ceci yaro a idon duniya ba, da gardamar shugabannin asibiti ta ƙare a kan ƙin ɗaukarsa, kuma da ɗan kallo bai ga laifinsu sosai ba. A nan ne nake ganin wasan, duk da kyakkyawar niyyarsa, ya koya wa jama'a mugun darasi, domin ma'aikaci mai otizim wanda aikinsa matsakaici ne, kamar na yawancinmu, ba shi da abin da zai biya wannan kuɗi da shi.

Alƙaluma ma ba su goyi bayan hoton ba. Bernard Rimland ya ƙiyasta a 1978 cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na masu otizim ne ke da irin wannan baiwa. Patricia Howlin da abokan aikinta sun sami kusan kashi 28 cikin mutum 137 a 2009, bayan sun faɗaɗa ma'anar baiwar. Amma da Anders Nordahl-Hansen da abokansa suka auna finafinai da wasannin talbijin 26 a 2018, sai suka tarar kusan rabin taurarin masu baiwa ne. A zahiri kuwa, wani rahoto da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2024 ya nuna kimanin mutum 3 cikin 10 ne kawai ke da aikin yi a cikin baligai masu otizim.

Akwai kuma taurarin da aka ba su dukkan alamu aka ƙi kiran sunan, irin su Sheldon Cooper na The Big Bang Theory, daga 2007 zuwa 2019, da 'yar sanda Saga Norén ta wasan Bron na Suwidin da Danmak, daga 2011 zuwa 2018. Wannan hanya ce mai sauƙi ga marubuci: ya ci ribar dariya da mamaki, idan an tuhume shi ya ce ai bai ambaci sunan kowa ba.

3.1 Harshen Tauraro

Idan marubucin talbijin yana so a gane tauraronsa mai otizim ne cikin minti biyu, harshe yake kamawa. Sai ya ba shi murya miƙaƙƙiya marar rausaya, da jimloli cikakku irin na littafi, da dogon bayani kan abu guda, kamar yadda Sam Gardner na wasan Atypical, wanda Netflix ya nuna daga 2017 zuwa 2021, ba ya gajiya da zancen tsuntsayen ƙanƙara na Antatika. Fiye da kome kuma, sai ya sa shi ya riƙa ɗaukar magana a kan fatarta.

Masu nazarin ma'ana sun san bayanin Paul Grice na 1975, cewa mai magana yakan nufi fiye da abin da ya furta, mai sauraro kuma ya cike giɓin daga muhallin zance. Idan baƙo ya daɗe, maigida ya ce dare ya yi, ba labarin lokaci yake bayarwa ba. Habaici da gugar zana da yawancin ladabin zance a kan wannan ginshiƙi suke tsaye. Tauraron talbijin shi ne baƙon da zai dubi agogo ya ce ƙwarai kuwa, ƙarfe goma ta wuce, ya gyara zama. Marubuta suna samun riba biyu daga wannan. Ta farko dariya. Ta biyu kuwa ita ce tauraron ya zama kamar wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi gaskiyar da fadawa ke tsoro: Shaun zai dubi babban likita ya tambaye shi dalilin girman kansa, ya kuma gaya wa majiyyaci abin da sauran likitoci ke ta kewaye-kewaye a kai. Ɗan kallo yana jin daɗi, amma ya kamata a lura cewa aikin wawan sarki hidima ce ga fada. Wasan ya fi damuwa da abin da sauran mutane suka koya daga bakin tauraro fiye da abin da shi tauraron ya sha kafin ya kai yamma.

Hoton yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an daskarar da shi. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa fahimtar adon magana a wurin masu otizim tana tafiya ne da ƙarfin harshensu gaba ɗaya, kuma baligai da yawa suna koyon karin magana da habaici kamar yadda ɗalibi ke koyon baƙon harshe. Wahalarsu ta fi yawa a saurin zance, da hayaniyar wuri, da gajiyar da ke biyo bayan yini guda ana kwaikwayon fuska da muryar da jama'a ke so. Wannan gajiya ba ta da hoto, shi ya sa da wuya a gan ta a allo.

Akwai kuma batun wanda ake ɗora wa laifi. A 2012 Damian Milton, masanin zamantakewa a Ingila wanda shi kansa mai otizim ne, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar ta fuska biyu ce: kamar yadda mai otizim ke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. Ga mai nazarin harshe wannan ba baƙon ra'ayi ba ne, domin zance aikin mutum biyu ne, kuma ba mu taɓa cewa idan masu karin harshe biyu suka kasa fahimtar juna ɗayansu ne kurma ba. Talbijin kuwa kusan kullum kyamararsa tana tsaye ne a bayan kafaɗar mai rinjaye, tana kallon tauraro yana kuskure.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake wasa da maimaita zance, wato abin da za mu iya kira zancen amsa-kuwwa. A wasa, ɗabi'a ce kawai ta ban dariya ko ta ban tausayi. Alhali tun a 1943 Kanner ya rubuta cewa yaron farko a cikin goma sha ɗayan nan, Donald, yakan ce "i" idan yana so mahaifinsa ya ɗora shi a kafaɗa, domin a wannan muhalli ya fara koyon kalmar, sai ya ɗaure ta da shi. Haka kuma yakan kira kansa da wakilin sunan mutum na biyu. Misalinsa a Hausa shi ne yaro ya ce "kana son ruwa" alhali yana nufin shi ne ke so, saboda ya adana jimlar ɗungurungum yadda ya ji ta daga bakin uwarsa a lokacin da ake ba shi ruwa. Barry Prizant da Judith Duchan sun nuna a 1981 cewa irin wannan maimaici yana ɗauke da ayyuka, kamar roƙo da amincewa da karɓar zagayen magana. Ashe harshe ne mai nasa nahawu, yana jiran mai sauraro da zai yi haƙurin koyo. Marubucin da ya ɗauki wannan da muhimmanci zai sami labarin da ya fi na likita mai zanen jijiyoyi daɗi.

3.2 Wanda Ba a Nunawa

Wani bincike na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka a 2023 ya nuna kimanin kashi 27 cikin 100 na yaran da aka duba suna cikin rukunin da otizim ɗinsu ya yi tsanani, wato waɗanda ba sa magana ko kaɗan ne suke yi, ko kuma suke da naƙasar fahimta mai yawa. Su ma suna zama baligai, kuma kusan babu su a talbijin, domin wasan kwaikwayo da zance ake gina shi.

A nan dole a yaba wa Extraordinary Attorney Woo saboda kashi na 3. An ba Woo shari'ar wani saurayi mai otizim mai tsanani da ake tuhuma da kashe yayansa, ɗalibin likitanci, aka kuma zaci za ta fahimce shi tun da sunan yanayinsu ɗaya. Ba ta fahimce shi cikin sauƙi ba. Daga ƙarshe ta gano cewa ƙoƙarin ceton yayan yake yi daga rataye kansa, amma iyalin suka nemi a cire ta daga shari'ar, ita kuma ta ajiye aiki na ɗan lokaci. A cikin kashin ne take tuna cewa Asperger ya yi aiki tare da gwamnatin Nazi, wadda ke rarrabe yaran da suka cancanci rayuwa da waɗanda ba su cancanta ba bisa ga amfaninsu. A wannan awa guda wasan ya tuhumi sharaɗin da shi kansa ya ginu a kai. Daga kashi na gaba kuwa sai kifin ya ci gaba da tsallensa.

Freddie Highmore da Keir Gilchrist da Park Eun-bin, waɗanda suka fito a matsayin Shaun da Sam da Woo, ba masu otizim ba ne. Wasan As We See It na Amazon, wanda aka aro daga Isra'ila a 2022, ya ɗauki 'yan wasa uku masu otizim, ya nuna su suna fama da haya da kora daga aiki da neman abokin zama, babu mai baiwar ban mamaki a cikinsu. Zango ɗaya ya yi aka dakatar da shi.

4.0 Albishir da Magani

A watan Oktoba na 1998 shirin Dateline na tashar NBC ya nuna labarin wani yaro mai otizim da aka yi wa allurar sikiritin, wani sinadari da hanji ke fitarwa don taimakon narkar da abinci, a yayin binciken cikinsa. Iyayensa suka ce bayan haka ya fara magana yana kallon ido. Dubban iyaye suka bazama neman allurar. A watan Disamba na 1999 mujallar likitanci ta New England ta buga gwajin da aka yi wa yara 60, inda aka ba wasu sinadarin aka ba wasu ruwan gishiri, ba a sami bambanci ba. Gwaje-gwaje fiye da goma da suka biyo baya haka suka nuna. Abin lura shi ne ko bayan an gaya wa iyayen sakamakon gwajin na farko, mafi yawansu sun ce har yanzu suna son maganin. Hoton yaro guda ya rinjayi lissafin yara sittin.

Zubin wannan labari shi ne na farkawa: akwai lafiyayyen mutum a kulle a ciki, ana neman mabuɗi. Da shi aka tarbi kowane sabon magani tun daga lokacin. Sinadarin oksitosin, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa sunan sinadarin ƙauna, an gwada shi ta hanci a kan yara da matasa 290 na tsawon mako 24, sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna amfani ba. Kamfanin Roche ya dakatar da babban gwajin maganin balovaptan a 2020, kamfanin Servier ya dakatar da na bumetanide a 2021, duka saboda rashin tasiri. Magunguna biyu da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a wannan fage, risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, na rage fushi da tashin hankali ne, ba sa taɓa ainihin yanayin. A ranar 22 ga Satumba, 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya gaban kyamarori a fadarsa ana tallata leucovorin, wani nau'in sinadarin folet, alhali shaidar da ake da ita a lokacin daga ƙananan gwaje-gwaje take, kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ba ta ba da shawarar a riƙa bai wa kowane yaro mai otizim ba.

Wanda ya fi dacewa da idon kyamara shi ne zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu. Anthony Barker ne ya fara nuna dabarar a Sheffield ta Ingila a 1985. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan fatar kai, a saki bugun maganaɗisu mai ƙarfi na ɗan lokaci, shi kuma ya haifar da ƙaramin lantarki a ɓawon ƙwaƙwalwa, zurfin santimita biyu zuwa uku. Amurka ta amince da ita don ciwon baƙin ciki mai tsanani a 2008, amma ba don otizim ba. Hujjar masu gwada ta ta samo tushe daga ra'ayin John Rubenstein da Michael Merzenich na 2003, cewa a ƙwaƙwalwar wasu masu otizim ma'aunin da ke tsakanin jijiyoyi masu zuga da masu birki ya karkace. Peter Enticott ya gwada ta a kan baligai 28 a Ostireliya, ya ba da rahoton ɗan sauƙi wajen hulɗa a 2014. Stephanie Ameis ta gwada ta a kan matasa 40 a Toronto, a 2020 ba ta sami bambanci a jimlace tsakanin na'urar gaske da ta bogi ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma da wuya a ɓoye wa mutum wace na'ura aka sa masa, tun da ta gasken tana ƙara tana kuma tsikarar fata. Dasa waya a can cikin ƙwaƙwalwa kuwa, kamar yadda likitocin Kolon ta Jamus suka ba da rahoto a 2013 kan wani yaro mai shekara 13, an yi shi ne don hana shi raunata kansa, ba don a raba shi da otizim ba.

Dalilin wannan jinkiri ba ɓoyayye ba ne. Bincike a ƙasashe biyar a 2019 ya ƙiyasta rawar gado da kusan kashi 80 cikin 100, wani kuma a 2020 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 da ke da hannu. Abin da ke da ƙofofi ɗari ba ya buɗuwa da mabuɗi ɗaya. Har yau da lura da ɗabi'a da tarihin girma ake gane otizim, babu hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin jini da ke tabbatar da shi. Hoton nan mai ja da shuɗi da ake haskawa a bayan mai karanta labarai matsakaicin lissafi ne na mutane da yawa da aka shafa wa launi, ba kan wani mutum ba ne. Aikinsa a shirin labarai daidai yake da aikin zanen jijiyoyi a gaban fuskar Shaun.

Baligi ɗaya da ya shiga irin wannan gwaji ya ba da labari da bakinsa. John Elder Robison, makanikin motoci kuma marubuci a jihar Massachusetts, wanda sai da ya kai kimanin shekara 40 aka gano yana da otizim, ya shiga binciken Alvaro Pascual-Leone a Boston a 2008, ya kuma rubuta littafin Switched On a 2016. Sunan littafin kansa na nufin an kunna, kamar fitila. Ya ce bayan zaburarwar kiɗa ya ratsa shi har ya yi hawaye, ya kuma fara karanta fuskokin mutane. Sai dai abin da ya karanta ba shi ne ya yi tsammani ba: ya tarar da tsoro da damuwa sun fi farin ciki yawa, ya gane wasu da ya ɗauka abokai dariya suke yi masa, aurensa kuma ya mutu. Labarin mutum ɗaya ne, ba hujjar kimiyya ba, amma ya tayar da tambayar da labarin farkawa ba ya yi, wato me mai ƙwaƙwalwar yake so a canza masa. Da yawa daga cikin baligai masu otizim sun fi neman maganin rashin barci da fargaba da farfaɗiya, da kuma aiki da muhalli. Iyayen waɗanda yanayinsu ya yi tsanani kuwa suna da haƙƙin neman duk abin da zai hana ɗansu buga kansa da bango. Buƙatun biyu duka gaskiya ne, kuma kalmar waraka da talbijin ke so ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata ba.

5.0 Baligi na Farko

Donald ɗin da Kanner ya fara bayyanawa, cikakken sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a ƙaramin garin Forest na jihar Mississippi. A rahoton bibiya da Kanner ya buga a 1971, ya nuna cewa waɗanda aka kai gidajen killace masu taɓin hankali daga cikin yaran nan sun lalace, Donald kuwa ya yi shekara huɗu a hannun wani manomi da matarsa. Da suka ga ba ya rabuwa da ƙirga da awo, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗin zurfinta, suka bar shi ya ƙirga kunyoyin masara muddin yana nome su. Ya gama kwaleji a 1958 da digiri a Faransanci, ya koyi tuƙin mota, ya yi yawon ƙasashe shi kaɗai, ya yi aiki a bankin garin kimanin shekara 65. Ba za a ɓoye cewa iyayensa masu hali ne ba, kuma danginsa na da hannu a bankin. Shi ma yana da baiwar lissafi, sai dai ba ita ta zaunar da shi a garin ba. Mutanen Forest sun saba da shi, sun san yana laƙaba wa kowa lamba, suna kuma tsare masa mutunci a gaban baƙo. Tashar PBS ta nuna shi a shirin In a Different Key a 2022, dattijo yana wasan golf yana shan kofi da tsofaffin garin. Ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89.